Idan Hanci Ya Yi Ja, a Fara Duba Kwalbar Mai

An ce in yi magana a kan lafiyar fata, sai na zaɓi abin da mata da yawa ke rufewa da hoda har sai ya gagara: jan hanci da kumatu.

Ku sani, ja a fatarmu ba kullum yake fitowa jawur ba. Mai hasken fata za a ga jan sarai. Mai duhun fata kuwa wurin ƙara duhu yake yi, yana raɗaɗi kamar an shafa barkono.

Mafi sauƙinsa shi ne na mura da hunturu. Ana ta fyace majina ana gurza hanci da gefen mayafi, ga busasshiyar iska, sai fatar ta tsattsage. Wannan man kaɗe ko basilin ya ishe shi, a kuma riƙa dangwalawa da ƙyalle mai laushi. Da mura ta tafi, shi ma zai tafi.

Akwai kuma ciwon da likitoci ke kira rozeshiya. Ƙananan hanyoyin jinin fuska ne ke buɗewa, sai hanci da kumatu su ɗau zafi, wani lokaci da ƙananan ƙuraje. Rana tana tayar da shi, haka yaji, shayi mai zafi da tururin tukunya. Masu suyar ƙosai da awara, ku lura da wannan. Ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba ƙazanta ke kawo shi ba.

To, ga wanda ya fi damuna: man bilicin. Da yawa daga cikin mayukan nan, musamman waɗanda ake haɗawa a gida a zuba a robar da ba suna, akwai magani mai ƙarfi a ciki, irin su kulobetasol da betametason. Maganin ciwon fata ne da likita ke rubutawa na ɗan lokaci, ba man kwalliya ba. Makonnin farko fuska ta yi fes, kowa na yabawa. Bayan watanni fatar ta zama sirara, jijiyoyi su fito kamar zare, hanci ya yi ja, rana ta riƙa ƙona ki. Idan kin daina shafawa, abin ya taso da ƙarfi, sai ki ce ai man ne ke kwantar da shi, ki koma. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Abin ya kai a 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya.

Mece ce mafita? Ki ɗauki man da kwalinsa ki kai asibiti a duba, don wadda ta daɗe tana shafa mai ƙarfi, wani lokaci a hankali ake janye mata shi. Ki sa a ranki fuskar za ta ƙara tashi na wasu makonni kafin ta lafa. Nan ne mata ke karaya, nan ne kuma ake son haƙuri. Ki wanke fuska da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu marar ƙarfi, ban da soso. Ban da lemon tsami, ban da man goge baki, dilka ma a dakata. Hijabi ba ya rufe hanci, saboda haka a riƙe laima, wadda ke da hali ta sayi man kare rana mai lamba 30 ko sama.

Likita na iya ba ki man shafawa na metronidazol. Shi ne maganin da ke cikin Flagyl, amma don Allah kada wata ta daka ƙwaya ta shafa. Yana iya haɗawa da dokisaikilin na sha, wanda ba a ba mai ciki, don haka ki faɗa masa idan kina da juna biyu ko kina shayarwa.

Abu biyu kuma ba a jira da su. Maruru a hanci ba a matsa shi, domin ƙwayar cuta na iya bin jini daga nan ta shige cikin kai. In ya zo da kumburi da zazzaɓi, a tafi asibiti a ranar. Haka idan jan ya ratsa hanci zuwa kumatu biyu kamar fukafukan malam-buɗe-littafi, ga ciwon gaɓoɓi, gajiya da zubewar gashi, a je a gwada jini, yana iya zama ciwon lufus.

'Yan uwana masu sana'ar mai da gyaran amare, ku nake roƙo. Jarin nan da guminku kuka tara shi, kuma masu saye maƙwabtanku ne da 'ya'yan ƙawayenku. Kada ku sari man da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, kada ku matsa maganin kemis a cikin haɗi. Iyaye kuma, in an zo shirin biki, ku tambayi abin da ake shafa wa yarinya kafin ku biya.

Mai tambaya ta same ni bayan an tashi. Allah ya bar zumunci.