Ku Tace Saƙo Kafin Ku Amsa: Jawabin Ranar Cikar Shekarar Ƙungiya

Hajiya Shugaba, Malamarmu ta ajin yaƙi da jahilci, iyayena, yayyena da ƙannena na Sabiyal, da baƙinmu daga Jega da Maiyama, sannunku da zuwa. Allah ya maimaita mana.

An ce in yi magana kan saƙonnin waya. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, cinikinmu ya koma tiransifa. Albasar Aliero, shinkafa, zubin adashe, duk ta waya. To ɓarawo ma ya bi kuɗin can. Yanzu ba katanga yake haurawa ba, saƙo yake turowa.

Na farko, saƙon da zai ce za a rufe asusunki yau in ba ki turo BVN ko lambar sirrin katinki ba. Banki ba ya tambayar lambar sirri, ko ta waya ko ta saƙo. Haka lambar nan da ake turo miki lokacin cire kuɗi, da lamba shida ta WhatsApp. Mabuɗin ɗakinki ne. Duk mai cewa ki yi sauri, to saurin nan shi ne tarkon.

Na biyu, alat na ƙarya. Mutum ya loda buhu biyar, ya nuna miki waya, ga saƙo ya shigo. Saƙo ba kuɗi ba ne, 'yar'uwa. Ki duba abin da ke asusunki da kanki kafin kaya su bar rumfa. Mai gaskiya zai jira.

Na uku, ki gyara wayarki. Ki ajiye lambar Shugaba, Ma'aji da Sakatariya da sunansu. Duk saƙon neman kuɗin ƙungiya da ya zo daga wata lamba, ki kira wadda kika ajiye. Ko da daga lambarta ya fito, ki kira ki ji muryarta, don ana sace WhatsApp ɗin mutum a roƙi kuɗi da sunansa. Baƙuwar lamba mai cewa kin ci tallafi, ki toshe ta, kada ki taɓa shuɗin rubutun da ke ciki. Tallan kamfanin waya kuwa, ki rubuta STOP ki tura 2442, zai ragu. Wannan ba ya hana ɗan damfara, amma in tarkace ya ragu, kin fi ganin baƙon saƙo.

In an riga an cuce ki, ki garzaya banki a rufe katin, ki sanar da Ma'aji a ranar. Ɓoyewa ke ba shi damar cutar ta kusa da ke.

Wadda ba ta fara karatu ba, aji na nan. Mai karanta saƙonta da kanta ba ta miƙa wa kowa wayarta a bakin kasuwa. Kuɗin asusun nan gumin mu duka ne, da na marayun da ke hannunmu.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, ya sa albarka a kasuwa.