Wasiyyar Baki da Wasiyyar Takarda

 An sa ni in yi magana a kan wasiyya, na kuwa ga waɗansu sun riga sun sunkuyar da kai, gama a wurinmu wanda ya ambaci rabon kayansa, sai a ce yana kiran mutuwa. To, ku tuna da Sarki Hezekiya. Annabi Ishaya ya je ya faɗa masa ya shirya al'amuran gidansa, duk da haka sai da Allah ya ƙara masa shekara 15.

Sa'ad da nake sabon mai bishara a wani ƙauye, akwai wani dattijo mai gona biyu. Ya sha faɗa mini cewa babbar ta matarsa ce da 'ya'yansa, ƙaramar kuwa a riƙa noma ta domin marayu da marasa lafiya. Na ji daɗin maganar, amma ban ce masa mu rubuta ba, kunya ta hana ni. Da ya rasu, ba a yi kwana 40 ba danginsa suka zo suka raba duka biyun. Na tashi na ba da shaida, sai suka ce, "Malam, ina takarda?" Matar ta koma gidan ubanta da yara huɗu. Har yau abin yana damuna, domin da laifina a ciki.

Annabi Irmiya ya fi ni hikima. Sa'ad da ya sayi gona a Anatot, ya auna azurfa shekel 17, ya sa hannu a takarda gaban shaidu, ya ba Baruk ya ajiye a cikin tukunyar ƙasa domin ta daɗe. A lokacin kuwa sojojin Babila suna kewaye da Urushalima.

Ga yadda ake yi. Dokar Faransa ta 1804, wadda tamu ta Nijar ta samo tushe daga gare ta, ta yarda da wasiyyar da mutum ya rubuta duka da hannunsa, ya sa kwanan wata, ya sa hannu. Wanda bai iya rubutu ba, sai ya tafi wurin ma'aikacin shari'a tare da shaidu. Amma ku sani, a kotunanmu maganar gado sau da yawa al'ada ake bi, saboda haka ka tara danginka tun kana da rai, ka karanta musu abin da ka rubuta, kada su fara jinsa ranar makoki.

Batun kyauta fa? Ko dokar nan ba ta bar mutum ya bayar da kome da kome ba: mai 'ya'ya uku ko fiye, kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai yake da ikon bayarwa. Maƙwabtanmu Musulmi ba su wuce sulusi. Ni dai a ganina, kyautar da za ta bar maraya da yunwa, ikilisiya ba ta bukatarta. Ka fara da iyalinka, sa'an nan ka ambaci abin da ka keɓe da sunansa: gona kaza, saniya kaza, ko jika nawa, a ba makaranta, ko a ba asibiti irin na Galmi, wanda yake jiyyar mutane tun 1950.

In an haifa maka yaro, ko ka sayar da gona, ka yaga tsohuwar takarda ka rubuta sabuwa. Tawa na sake ta bara, bayan haihuwar autarmu, matata kuwa ta san inda take.