Injin Wanki Na Da Da Mutanen Da Suka Ƙera Shi
(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai)

Malam Shugaban Ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai.

Da aka ce in yi jawabi, sai na tuna da safiyar Asabar a makarantar nan: jerin bokitai a bakin famfo, ana ta aron guntun sabulu, hannu duk ya yi kanta. Shi ya sa na zaɓi in yi magana a kan injin wanki na da. Kada ku yi dariya tukuna, akwai inda na dosa.

Mu fara da Jamus. A 1899 Carl Miele da Reinhard Zinkann suka buɗe 'yar ƙaramar masana'anta a garin Herzebrock, suna ƙera injin raba madara da mai, daga baya suka ƙara da na kaɗa man shanu. Sai suka lura cewa gangar katakon da ke kaɗa madara za ta iya kaɗa tufafi cikin ruwan sabulu. A 1901 suka fito da injin wankinsu na farko. Har yau kamfanin yana hannun zuriyar mutanen nan biyu.

A Amurka kuma, Frederick Maytag da abokan kasuwancinsa sun fara ne a 1893 da kayan injin sussuka, a garin Newton na Jihar Iowa. Da yake cinikin kayan gona na da lokacinsa, sai a 1907 suka soma ƙera injin wanki na katako, wanda ake juyawa da hannu, don kada ma'aikata su zauna haka nan.

Abin da ya fi burge ni shi ne na 1915. A lokacin yawancin gidajen manoman Amurka ba su da lantarki. Maytag bai tsaya jiran wuta ba, sai ya ɗaura wa injinsa ƙaramin inji mai aiki da fetur. Matar manomi ta tayar da shi a tsakar gida, ya wanke, sannan ta cusa kayan tsakanin sanduna biyu masu juyawa su matse ruwan. Irin wannan mai matsewa sai a 1983 kamfanin ya daina ƙera shi. Amma duniya rawar 'yan mata ce: a 2006 kamfanin Whirlpool ya saye Maytag, a 2007 aka rufe masana'antar Newton.

To, 'yan'uwa, ga inda na dosa. Mutanen nan sun dubi halin da maƙwabtansu ke ciki, suka yi aiki da abin da ke hannunsu. Mu da muka san rashin wuta fiye da kowa, me yaranmu ke ƙerawa? Mu da ke ofis takarda kawai muka iya juyawa.

Don haka ina ba da shawara, gudummawarmu ta bana mu zuba ta a ɗakin koyon sana'a na makarantar nan: zarto, guduma, sukuddireba da injin walda. Mu kuma nemo tsofaffin injunan da suka mutu a gidajenmu, yara su kwance su ga cikinsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.