ƘURAR NUKILIYA DA MAKIYAYAN ƘASAR ƘANƘARA

 

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, yau za mu leƙa can ƙarshen arewacin Turai, ƙasar ƙanƙara. Akwai wata ƙabila ta makiyaya da ake kira Sami, masu kiwon wata irin barewa. Yadda saniya take wurin Bafulatani, haka barewar nan take wurinsu.

A watan Afrilu 1986 tashar nukiliya ta Carnobil, a Tarayyar Sobiyat ta lokacin, ta fashe. Iska ta kwashi ƙurarta, ruwan sama ya sauke ta a Suwidin da Nowe, tazarar fiye da kilomita 1,000. Cikin ƙurar akwai wani sinadari mai guba, siziyam-137, wanda sai ya shekara 30 sannan rabin ƙarfinsa yake tafiya.

To, ku lura da yadda abin ya bi. Abincin barewar nan lokacin sanyi gansakuka ce wadda ba ta da saiwa, daga iska da ruwan sama take ci, saboda haka ta shanye gubar. Barewa ta ci gansakuka, mutum ya ci barewa. Ita ma ƙasar ba ta yi ceto ba. Inda akwai yumɓu yakan damƙe siziyam ya hana shi motsi, amma mafi yawan ƙasar can ruɓaɓɓen ganye ce, don haka gubar tana nan sama-sama, naman kaza yana zuƙo ta, dabba tana ci. A 2014, bayan shekara 28, an sake ganin ta ta hauhawa a jikin barewar Nowe.

A yankan farko bayan fashewar, an hana cin naman barewa fiye da 70,000 a Suwidin. Me hukuma ta yi daga baya? A 1987 ta ɗaga haddin gubar da aka yarda a sayar da nama da ita daga ma'auni 300 zuwa 1,500 a kowane kilo. Ba mu musun cewa suna da hujjarsu ta likitanci, amma dai naman bai sauya ba, hukuncin ne ya sauya. Makiyayin kuwa, da bai taɓa ganin tashar ba, shi ya ɗauki asarar. Wannan zalunci ne. Mu ma ba baƙinsa ba ne, domin a 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta a Raggan, cikin Saharar Aljeriya, har Nijeriya ta kori jakadanta a 1961.

Abin da ruwa ya wanke kuwa ya gangara tafkuna ya kwanta cikin laka, kowace shekara sabuwar laka tana rufe tsohuwa. Suratuz Zalzala ta sanar da mu cewa ƙasa mai ba da shaida ce ranar alƙiyama. Tun yanzu ma, idan masana suka haƙo lakar tafkunan nan sukan tarar da layi biyu na siziyam: na ƙasa na 1963 ne, daga gwaje-gwajen bama-baman Amurka da Sobiyat, na sama kuwa na 1986.