ITACEN GONA NA MAI GONA NE
Jawabin da aka yi wa wakilan rassa a Madarunfa



Yau maganarmu a kan itace take, da dokar da ke bisa kansa. Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce. Tuwon gidanku da shi ake dafawa, gonarku shi ke kare ta daga iska, kuma tafkin nan namu na Madarunfa ba abin da ke cike shi da yashi kamar sarar itatuwan da ke riƙe da ƙasa.

A shekara ta 1935 Faransa ta kafa dokar daji a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta. Dokar ta sa itatuwa masu amfani ƙarƙashin ikon hukuma, ko da a tsakiyar gonar talaka suka tsiro. Bayan samun mulkin kai a 1960 ba a sake wannan hali ba, dokar 1974 ma a kan sawunta ta bi. To, me ya faru? Manomi ya ga in gawo ya girma a gonarsa, ya jawo wa kansa masu gadin daji da tara. Sai ya riƙa tumɓuke shi tun yana ɗan tsiro. Dokar da aka yi don tsaron itace, ita ce ta kashe shi. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, sun iske gonaki tsirara.

Magani kuwa daga nan jihar Maradi ya fito. A 1983 wani malamin gona mutumin Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura kututturan da muke sarewa kowace shekara ba su mutu ba, saiwarsu na nan da rai. In an zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi aka bari, aka sassabe sauran, itace zai tashi ba dashe ba ban ruwa. Wannan shi ne sassabin zamani. Da manoma suka tabbata abin da suka rena nasu ne, sai aikin ya bazu. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200, galibi a jihohin Maradi da Damagaram. Talaka ne ya yi wannan da addarsa.

Sannu a hankali doka ta biyo baya. A 1992 aka kafa kasuwannin itace na karkara, irin waɗanda ke kewayen dajin Baban Rafi, aka ce kuɗin harajin a raba tsakanin ƙauye da ƙaramar hukuma da baitulmali. A 2004 aka yi sabuwar dokar daji, a 2020 kuma aka fitar da ƙa'ida ta musamman da ta tabbatar wa manomi hakkinsa kan itacen da ya rena.

Amma 'yan'uwa, doka tana cikin takarda, gatari yana cikin daji. Birnin Maradi kullum ƙara girma yake, kullum itacen girki yake nema. Wanda bai san hakkinsa ba, da shi da wanda ba shi da hakki duk ɗaya ne.

Saboda haka ga aikin kowane reshe. Na farko, a sami mai ilmi ya fassara wa jama'a dokar nan da Hausa ranar kasuwa. Na biyu, duk wanda aka ci tara ya nemi rasit, kada ya ba da ko dala a ɓoye. Na uku, a tambayi shugabannin kasuwar itace nawa aka tara bana, nawa ne rabon ƙauye, me aka yi da shi, su faɗa a bainar jama'a. Na huɗu, a sa mata cikin shawara, don su ke tafiya mai nisa neman kirare. Na biyar, lokacin sharar gona kowa ya bar gawo da kalgo da sabara su tashi.

Ku koma garuruwanku ku isar da wannan. Allah ya ba mu damina mai albarka. Wassalam.