Kafin ka sayi furosesa ko RAM, duba madabod ɗinka tukuna

Ga rubutaccen shirin nan, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganar haɗa kwamfutar tebur za mu yi, kuma wani ƙanena da ke Rogo ne ya jawo ta. Ya sayar da masararsa, ya kama shago zai riƙa buga wa mutane takardu, da cike fom na makaranta, da duba sakamakon WAEC da NECO. Wani abokinsa a Karaye ya ba shi madabod kyauta, wato babban allon nan da komai na cikin kwamfuta ke maƙalewa a jikinsa. Sai ya shiga mota ya tafi Kano sayen sauran kayan. Bai ɗauki bod ɗin ba, abu ɗaya ya rubuta a takarda: soket LGA1151. Mai shago ya miƙo masa Core i5-8400, ya ce soket ɗinsu ɗaya. Kuma bai yi ƙarya ba.

Ya dawo gida bayan magariba, ya ɗora furosesa, ta zauna daram. Ya danna maɓalli, monita baƙi ƙirin. Ya kira ni, murya na rawa: "Yaya, ina jin na ƙona ta."

Bai ƙona komai ba. Ga abin da ya faru. Kamfanin Intel ya yi amfani da soket mai suna LGA1151 har sau biyu. Zubi na shida da na bakwai suna aiki da bod mai cifset irin su H110, B150 da B250. Zubi na takwas da na tara kuma sai bod mai H310, B360, B365 ko Z390 da danginsu. Rami ɗaya, allurai 1151 duka, amma ba sa jituwa. Bod ɗinsa H110 ne. To kun ga shiga rami daban, yin aiki daban. Yadda za ku gane zubin furosesa kuwa ba wuya: lambar farko bayan ɗan layin nan. i5-6500 zubi na shida ne, i5-8400 na takwas. Daga na goma ne lambar ke zama biyu, kamar i5-10400.

Mutumin birni in ya yi wannan kuskure, adaidaita zai hau ya koma Titin Beirut a canza masa. Kai da ka taso daga Rogo ko Karaye, yini guda ka yi asara, ga kuɗin mota zuwa da dawowa, ga shago a rufe, kuma ba lallai mai kaya ya karɓa ba. Shi ya sa nake cewa mu mutanen nesa mun fi kowa buƙatar sanin wannan abu.

To me zai canza, bod ko furosesa? Shi so ya yi ya mayar da furosesa ya karɓo ta zubi na shida, tunda ta fi araha. Na ce a'a. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas take farawa a ɓangaren Intel, kuma tana neman TPM 2.0. Na san akwai masu dabarar tura ta kan tsofaffin injina, amma mutumin da zai riƙa shigar da bayanan 'ya'yan mutane a intanet kullum, ni ban ba shi shawarar ya gina sana'arsa a kan dabara ba. Kyautar da aka yi masa ita ce ta tsufa. A ajiye ta, a nemo H310.

A ɓangaren AMD abin ya ɗan fi sauƙi. Soket AM4 ya fito a 2016 ya daɗe ana yi da shi, AM5 ya zo a 2022. Sai dai tsohon bod na AM4, kamar B450, kan buƙaci a sabunta masa BIOS kafin ya gane Ryzen 5000. A tambaya kafin a biya.

Sai RAM. DDR3 tana da ƙafafu 240, DDR4 da DDR5 kowacce 288, amma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. In ka ga ta ƙi shiga, don Allah kada ka danna da ƙarfi, ba tata ba ce. Kuma kada ka yi hukunci da sunan furosesa kawai. Akwai bod na H110 masu cin DDR3, akwai masu cin DDR4. Haka LGA1700, na zubi na 12 zuwa 14, wani DDR4 yake ci, wani DDR5. Bod ne zai faɗa maka. RAM ɗin laftof kuwa gajeriya ce, ba ta shiga nan sam. Ga aikin shago, gigabait 8 ya isa farawa, kuma guda biyu masu 4 sun fi guda ɗaya mai 8 gudu, sai dai guda ɗayan tana bar maka ramin ƙari nan gaba.

Yauwa, fawa fak. Nan ne ake yin asarar da ba ta gyaruwa. Wasu tsofaffin fawa fak na tokumbo, musamman waɗanda suka fito daga Amurka, suna da wani ɗan jan makunni a baya, gefe ɗaya 115, gefe ɗaya 230. Wutarmu a Najeriya 230 ce. In yana kan 115 ka jona, ƙara za ka ji, sai hayaƙi. Duba shi kafin ka taɓa soket ɗin bango, daƙiƙa biyu ne.

Abu na biyu, yawancin injinan da ke shigowa kasuwarmu na ofis ne, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk. Injina ne masu ƙarko, ina son su. Amma da yawansu kamfanin ya yi musu mahaɗar wuta tasa ta kansa, mai ƙafa 6 ko 8, maimakon mai ƙafa 24 da aka saba. Har wayar maɓallin kunnawa da ramukan kusoshi kan bambanta. Saboda haka in ka ga bod ɗin Dell ko HP da araha shi kaɗai, ka ce za ka sa shi a kes ɗin kasuwa, wahala ka saya. Irin waɗannan a saye su a haɗe, a ƙara musu RAM da SSD, shi ke nan.

Tunda wutar KEDCO ba a dogara da ita yini guda, shaguna da yawa sola da inbata suke amfani da su, ko janareta. To lissafin wat ya shafe ku. i5-8400 an ƙiyasta ta a wat 65, masu harafin T a ƙarshe, kamar i5-8400T, wat 35. Katin hoto babba shi kaɗai zai iya cin fiye da sauran injin gaba ɗaya, kuma mai buga takardu ba ya buƙatarsa. Amma ga tarko: furosesar Intel mai F a ƙarshe, kamar i5-9400F, ba ta fitar da hoto da kanta. Ko da akwai ramin HDMI a bayan bod, ba za ka ga komai ba sai da kati. Ryzen na AM4 ma yawanci haka suke, sai masu G, kamar 5600G. Kuma ka leƙa bayan bod ɗin: in monitarka VGA kawai take da shi, akwai VGA a can?

SSD dai kada a yi jayayya, a sa. In mai M.2 ce, a tabbatar bod yana da ramin, kuma NVMe yake karɓa ko SATA. Kes kuma, bod na ATX ba ya shiga kes ɗin microATX, amma ƙarami yana shiga babba. Fankar furosesa ta LGA1155 da 1150 da 1151 da 1200 duk ramukansu ɗaya ne, LGA1700 ce ta canza. A sa sabon man sanyaya, kuma da ƙurar hunturun nan tamu a riƙa buɗe kes ana hurewa.

Da ƙanen nawa zai koma Kano, ga abin da na sa ya yi. Ya ɗauki furosesar da RAM da fawa fak duka a jaka. Kafin ya biya kuɗin sabon bod, ya karanta sunan samfurin da ke rubuce a jikinsa, ya shiga shafin kamfanin a wayarsa ya ga i5-8400 a jerin furosesocin da yake karɓa. Ya duba alluran soket da fitilar waya ko akwai wadda ta lanƙwashe. Sannan ya sa aka haɗa komai a kan teburin mai shago, aka kunna, BIOS ta nuna sunan furosesa da gigabait 8 cif. RAM ɗinsa DDR4 ce, ta yi daidai, bai sake saye ba. Tsohon H110 ɗin yana nan a kwali, wai sai ya samo i3-6100 ya haɗa wa yaran shago na koyon buga rubutu.

Wanda ke da bod a hannu bai san me zai ci ba, ya ɗauki hoton rubutun jikinsa ya turo, mu duba tare. Mako mai zuwa sai maganar inbata da UPS, in Allah ya kai mu.