Wa Ake Ɗauka a Tafiyar Sirri? Nazarin Zaɓen Abokan Tafiya a Labarin Tolkien



Takardata ta faro ne daga The Fellowship of the Ring, littafin J.R.R. Tolkien, marubuci ɗan Ingila, wanda ya fito a 1954. A zaman shawarar da aka yi a gidan Elrond, an yanke cewa a kai Zoben maƙiyinsu Sauron har cikin ƙasarsa Mordor, a jefa shi a wutar dutsen da aka ƙera shi. Runduna ba za ta iya wannan aiki ba, sai a ɓoye. Aka zaɓi matafiya tara, daidai da mahayan Sauron tara, huɗu daga cikinsu hobit ne, 'yan gajerun mutane da ba su taɓa ganin fagen fama ba.

Elrond ya so Merry da Pippin, biyu daga cikin hobit ɗin, su koma gida, ya cike gurbinsu da mutanen gidansa. Gandalf, ɗaya daga cikin matafiyan, ya ƙi, ya ce ko jarumi irin Glorfindel ba zai buɗe hanyar Mordor da ƙarfi ba, gara a dogara da amincin abota. Tafiyar ta gaskata shi a kansa ma. A dutsen Caradhras, sanyi ya kusa kashe su, itace ya ƙi kamawa, Gandalf ya sa sandarsa ya hura wuta. Nan take ya faɗa musu cewa ya tona kansa ga duk mai ido. Ƙarfin da ya cece su shi ne ya nuna inda suke.

Amma a ganina, babban haɗarin yana wurin Boromir, wani daga cikin matafiyan. Ba munafuki ba ne, jarumi ne mai kishin garinsu Minas Tirith, wanda maƙiyi ya matsa wa lamba. Matsalarsa ita ce yana da aikin da zai yi da Zoben. Kullum yana kallon makamin da zai ceci mutanensa rataye a wuyan Frodo, hobit ɗin da ke ɗauke da Zoben, ana shirin ƙona shi. Da ya kai hannu zai ƙwace, tawagar ta watse. Sam kuwa, mai kula da lambun Frodo, babu abin da yake nema a Zoben, shi ya sa ya kai ƙarshe, duk da cewa hayaƙin wutar da ya dafa zomo da ita a Ithilien ya sa aka gano su.

Gollum, wanda ba ya cikin matafiyan tara, shi ne ya hana wannan hujja tawa ta zauna lafiya. Babu wanda ya kai shi kwaɗayin Zoben, amma bayan tawagar ta watse Frodo ya ɗauke shi jagora domin shi kaɗai ya san hanya. Ya kai Frodo da Sam bakin wata gizo-gizo mai suna Shelob da niyyar a halaka su. Da aka isa bakin wutar, Frodo ya kasa jefawa, ya sa Zoben a yatsa. Gollum ya cije yatsan, ya faɗa cikin wutar da Zoben a hannunsa.